Injin Wanki Ne Ke Ƙarasa Mana Waƙa

Zuwa ga Yayata, babbar ɗakinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ƙani ke yi wa yayarsa, har da durƙuso ko da ba kya gani, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya raba ki da ciwon bayan nan, ya sa albarka a aikin maigida, ya raya mana yara. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, tana hawa bene ba ta riƙe ƙarfe, sai in ta hango ni ne take ɗingishi don in karɓi kayan hannunta. Gwaggo ta sa sabon haƙori, yanzu ko labarin baƙin ciki ake yi sai ta nemi hanyar murmushi. Na san da kin ga rubutuna za ki fara riƙe takardar nesa da jiki, ko na sake cusa kyankyason roba. Babu komai a ciki, Yaya, girgiza ki gani. Na ba direban da ke zuwa wajenku ne don in na kira ki a waya za ki yi ta jiran inda zan fashe da dariya. Ki zauna ki karanta. Wallahi tsoro nake ji.

Kin san ƙungiyar kiɗanmu, wadda kika ce kamar ana dambe a shagon masu walda. Sunan kiɗan rok, kuma mu huɗu ne har yanzu. Dogo, ƙaninki kuma yayana, shi ke rubuta waƙa, yana rerawa yana kaɗa jitar lantarki. Tela na riƙe da jita ta biyu, Mai Gyaran Waya na da babbar jitar nan mai gurnani, ni kuma ina bayansu a kan ganguna. Abin da ba ki sani ba shi ne inda muke gwaji. Ɗakin bayan shagon Baba Mai Wanki ne, tsakanin buhunan zannuwan otal da teburin guga, ga zafi ga warin sabulu. A saman shagon akwai wata ma'aikaciyar asibiti da ke barcinta da rana. Ta saba da ƙarar injin wanki, amma ta ce ranar da ta ji jita, ranar za ta kai ƙara wajen mai gida. Shi ya sa Baba Mai Wanki ya kafa mana doka: ba mu taɓa kaya sai babban injinsa ya zo matsar ruwa, in ya yi shiru mu ma mu yi shiru.

Injin nan tsoho ne, ya kusa rabin mota. In zai matse kaya yakan fara gif, gif, gif a hankali, ya ƙara sauri, ya kama ruri har kwalaben kan kanta su riƙa tafiya da kansu, sannan ya sassauta, ya sassauta, ya ce ƙyas ya mutu. Duk abin minti goma sha ɗaya ne. Daga nan sai mu zauna a kan buhuna muna jiran wani zubin, ni ina maƙala wa Tela abin shanya a bayan riga. To Dogo da ya ga lokacin da tsada, ba ya yarda a bar ko kaɗan ya tafi a banza. Kowace waƙa sai ya cika ta maƙil, baiti a kan baiti, in kalmomi sun ƙare Tela ya sa jitarsa kuka har a kai. Ni kuma ta tafin ƙafata nake jin bugun injin a siminti, shi nake bi. In ya yi sauri in yi, in ya sassauta in sassauta, kowa ya biyo ni, da ya ce ƙyas mu ɗaga hannu. Muna ta taƙama wai salonmu ke nan, waƙa ta tashi kamar jirgi ta sauka kamar jirgi. Ko ɗayanmu bai lura ba cewa ba mu taɓa ƙarasa waƙa da kanmu ba.

Ana nan sai wani furodusa, irin masu ɗaukar waƙa su kai ta rediyo, ya kawo labulensa wanki, ya ji mu ta bango, ya ce mu zo situdiyonsa ya gwada mu. Yaya, ɗakin nan an lulluɓe bangonsa da soso, shiru har kana jin kukan cikinka. Shi yana can bayan gilashi, mu an ɗora mana abin ji a kunne. Ya ɗaga yatsa. Na ɗaga sanduna, na jira ƙasa ta gaya mini, sai na ji ƙasa a mace. Ba ta motsi ko kaɗan. Na fara da gudu kamar an biyo ni, na ga Dogo ya waiwayo, na ja birki har Mai Gyaran Waya ya yi karo da ni. Da ƙyar muka daidaita a kan waƙarmu mafi kyau, ta motar safe da ke kwasar ma'aikata. Muka kai baitin ƙarshe. Dogo ya dubi Tela, Tela ya dubi Mai Gyaran Waya, duk suka juyo suka dube ni, ni kuwa ina jiran inji ya sassauta. Muka sake zagayowa. Muka kuma zagayowa. Kalmomi suka ƙare wa Dogo ya koma baitin farko. Ta gilashi ina ganin furodusa ya amsa waya, ya gama, ya sha ruwa, ya goge tabarau. Can ya gaji ya kashe musu wuta, jitoci suka ɗauke, aka bar ni ni kaɗai ina ta dukan ganguna kamar wanda aljanu suka hau.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce wai ya ga masu manta farkon waƙa, ya ga masu manta tsakiya, amma mu ne na farko da suka zo ba su taho da ƙarshe ba. Ya ce rediyo minti uku da rabi take ba mutum, in ya wuce mai gabatarwa zai yi magana a kansa. A waya kuwa babban yatsan mai sauraro ba ya haƙuri, in amshi bai zo ba kafin ya gama ɗaura takalmi ya wuce ka. Namu amshin, in ji shi, kafin ya iso ma'aikatan da muke yi wa waƙar sun sauka daga motar sun fara aiki. Ya juya wajen Tela ya tambaye shi ko in an kawo masa bandir guda duka yake ɗinke wa mutum a jiki don kada yadi ya yi saura. Tela ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar jita. Sannan ya gaya mana gaskiyar kasuwa: irin kiɗanmu masu sonsa ba su da yawa, ba a kiran mu wajen taro, kuma ƙungiyoyin samari da ya ga sun sayar da jitocinsu sun fi waɗanda suka ci abinci da su yawa nesa ba kusa ba. Amma ya ce akwai waƙa ta gaske a binne cikin tulin namu, mu je mu tono ta, mu dawo Asabar ta sama, kuma daga wannan babu wani gwajin.

Ga inda abin yake, Yaya. Da za mu fita ya riƙe Dogo a baya. Mai Gyaran Waya kuwa yana naɗe igiyoyi a bakin ƙofa, kuma kin san cikinsa ba ya riƙe magana. Shi ya gaya mini furodusa ya ce muryar Dogo da alƙalaminsa abin sayarwa ne, zai ɗauke shi shi kaɗai ya sa hannu da shi, ganguna kuwa kwamfuta ta buga, don ita ba ta jiran injin wanki. Dogo ya ce a'a, ko mu huɗu ko babu, kuma mai gangar ƙaninsa ne. Furodusa ya ce to, ranar Asabar in mai ganga ya sake ɓata zai ƙara tambayarsa sau ɗaya, in ya sake cewa a'a shi ke nan, ƙofa ta rufe. Kin kuma san alkawarin da Dogo ya yi wa Kawu a gaban Mama, cewa in shekarar nan ta ƙare babu abin nunawa zai sayar da jita ya zauna a shagon Kawu na taya. Dogo ba ya karya magana. Ke nan duk abin da ya yi shekaru yana ginawa yanzu yana rataye a wuyan hannuna, ni da ko kofin shayi ba a ba ni in kai wa baƙo.

Tun daga ranar ake yanka waƙa. Baba Mai Wanki ya hau bene da kansa ya roƙi ma'aikaciyar asibiti, ta ba mu lokacin da take fita cefane, muna gwaji inji a kashe. Kukan jitar Tela da ke cin minti biyu an mayar da shi numfashi ɗaya, ya yi fushi ya ce an yi wa jitarsa kaciya, ya tafi, ya dawo da kansa. An jawo amshi gaba. An zubar da baitin kwandasta, an zubar da na ruwan sama, duk da haka waƙa ta ƙi shiga. Sai Dogo ya cire baitin Baba, mahaifinmu, wanda yake tsaye a bakin titi da kwanon abincinsa yana ɗaga mana hannu. Ba wanda ya ce ya cire. Na ce masa a bar shi a cire wani, ya ce wannan baitin namu ne, mai sauraro bai san Baba ba, kuma waƙar na iya tafiya ba da shi ba. Ya faɗa yana kallon bango. Da aka auna, ta shiga daidai.

Ƙarshen da aka yi mata yanzu a hannuna yake. Bugu huɗu, sannan shiru, kowa ya tsaya tare da ni. Wani lokaci ina samu. Wani lokaci ƙafata ta ƙara ɗaya da kanta, kamar ba tawa ba. Jiya sanda ta suɓuce mini don gumi ta faɗa bokitin sitati, Tela ya jira in yi barkwanci, na kasa. Ba na haɗa karatu da kiɗa, Allah ya tsare ni, amma sai na tuna ina gaban Malam da allona, kullum sai na zarce inda ake tsayawa, sai ya buga hannu a tabarma nake ja. Tsokana ma haka, ba na daina wa mutum sai ya yi kuka ko ke kin kama kunnena. Ni tun ina yaro wani ne ke tsayar da ni, Yaya. Yanzu an ce ni zan tsayar da mutum uku a ɗakin da ƙasa ba ta magana. Abinci ba ya wuce mini. Mama har ta taɓa goshina, wai duk makon nan ban ɓoye mata tabarau ba, ko zazzaɓi ne.

Shekaranjiya da safe na tari Dogo yana aske gemu. Na ce masa in na ɓata ranar Asabar ya ce wa furodusa to, ya tafi shi kaɗai, na yafe, ba zan riƙe shi a zuciya ba. Ya dube ni ta madubi, ya kai hannu bayan rigarsa yana laluben abin da na maƙala masa. Na rantse. Ya ce haka na rantse ranar da na ce mai gida na sallama da shi ya fita da tawul. Na riƙe hannunsa, idona ya kawo ruwa, sai ya fashe da dariya wai na ƙware, in bar ganga in koma fim. Ya shafa mini kumfa a hanci ya fita.

Shi ya sa na zo gare ki. Maganarki kaɗai Dogo ke ji ba ya jayayya. Don Allah ki kira shi kafin Asabar, kada ki bari sai mun dawo. Kada ki ce masa ya yar da ni tun yanzu, ina so in shiga ɗakin nan in gwada, kuma ki sa ni a addu'a ƙafar nan ta ji magana. Amma ki karɓi alkawari a bakinsa cewa in na zarce, da an tambaye shi zai ce to. Tela na da kekensa, Mai Gyaran Waya na da teburinsa, ni ma Baba Mai Wanki ya ce hannuna ya faɗa a guga. Dogo ne kaɗai ba shi da wani abu bayan wannan. Zan iya jure a ce kwamfuta ta fi ni. Abin da ba zan iya ba shi ne in riƙa wucewa ta shagon Kawu ina ganin sa durƙushe yana tsoma taya a ruwa yana neman inda ta huje.

Ki gaida maigida da kyau, ki ce ina nan ina girmama shi daga nesa, inda ya fi aminci a gare shi. Ki gaida surukarki da ƙanwar maigida. Ki shafa mini kan Babban Mutum da 'Yar Lele da jaririyar da ban gani ba tukuna. Mama da Gwaggo da Kawu suna gaisuwa, ko da yake ba su san na rubuto ba, kuma don Allah kada su sani. In Dogo ya tambaye ki ko ni na sa ki, ki ce masa e, ni ne, kuma kin duba takardar ciki da baya ba ki ga wasa ba.

Ƙaninki,
Auta