Magani Ɗaya Ya Rage wa Matata

Zuwa ga Babban Likitan asibitin kuɗi na layinmu, Gwarinpa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ne mijin Hajiya Rabi, tsohon ma'aikacin gwamnatin tarayya, ɗaya daga cikin waɗanda aka gama mora aka ajiye.

Na farko. Ina yaro na ga an yi wa ƙanena allurar fenisilin yana kwance ba ya gane kowa. Kafin mako ya zagayo yana guje-guje a tsakar gida. Mahaifinmu ya yi sujada a ƙasa. Ni na san girman ni'imar da aka damƙa a hannunku.

Na biyu. Shekara da shekaru, duk zazzaɓin da ya kai Hajiya wurinku sunansa ɗaya: maleriya da taifot. Mura ma taifot ce. Sai ƙarin ruwa, sai allurar kashe ƙwayoyin cuta, wai ana wanke mata jini. Ba ku taɓa aika fitsarinta a gano ainihin abin da ke damunta ba.

Na uku. Yanzu tana kwance a wani babban asibiti a Gwagwalada, ciwon mafitsara ya hau ƙoda. Likitarta ta nuna mini ɗan faranti da aka shuka ƙwayar cutar a kai, an jera magunguna a zagaye. Ƙwayar ta mamaye su kamar ba su nan, har da wanda kuka fi yi mata. Magani guda ɗaya tak ne ƙwayar ta ja baya ta bar masa fili. Na tsaya ina kallo. Halittar da ido ba ya gani, ba ta da kai balle ƙwaƙwalwa, ta koyi darasin da kuka yi ta maimaita mata, ta haddace, ta koya wa 'ya'yanta. Na yi karatu har ƙasar waje, ban taɓa ganin ɗalibi irinta ba. Tsarki ya tabbata ga Mahaliccinta.

Ba diyya nake nema ba. Roƙona ku riƙa gwaji kafin allura, ku kuma iya ce wa mai mura ya je gida ya huta.

Jiya aka fara yi wa Hajiya wancan magani guda. Na san sunansa, amma ba zan rubuta shi a nan ba, don kada gobe in tarar kuna wanke wa maƙwabtana jini da shi.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya yi maka jagora, Ya tsare iyalinka daga ganin irin wannan faranti.

Wassalam.