Za a Sa Taga a Gidan Wanki

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya jikin Inna, ya yara?

Muna lafiya, ɗakin ne dai ƙarami. Maigidan ya gama faifan waƙoƙinsa, daga shi sai jita. A ɗakin ya naɗa, kuma a waƙa ta uku za ki ji ina buɗe shafin littafi.

Waƙoƙin a kan gidan wankin da yake aiki ne, tururi ba taga. Manaja ya ji, ya dakatar da shi. Kada Inna ta sani.

A littattafan da nake karantawa attajiri ke zuwa ceto. Mu kuwa masu guga ne suka ajiye aiki suna rera amshin. Jibi zai koma, har an fara fasa bango.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki