Ku Daina Tambayar Inna Kande Ko Ta Sha Magani

Zuwa ga Shugaban asibitin da mahaifiyata take kwance,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, sannu da aiki. Ya iyali, ya kuma haƙuri da mu masu cika maka baranda da tabarmi da kwanuka? Ban ambaci sunan asibitinka ba, don ba tonon asiri ya kawo ni ba. Kai ka san kanka. Na so in jefa takardar nan a akwatin ƙorafin da ke bakin ofishinka, sai na tarar zanzaro ya yi gini a bakinsa, ginin ma har ya tsufa. Ban ga dalilin tayar da mai gida daga gidansa ba, shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Sunana Hajara. 'Yar Beli ce ni, aure ya kai ni Yammedi, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Mahaifiyata, Inna Kande, ita ce tsohuwar da ke gado na shida a ɗakin mata. Yau kwananmu goma sha tara. Gyambo ne a ƙafa ya kawo mu, amma ciwon da ya fi gyambon girma shi ne mantuwa, wadda mutanenmu ke kira gigin tsufa. Shekara uku ke nan da ta fara mata. Kafin nan ungozoma ce, a Beli da wuya ka shiga gida ba ka sami wanda ta yanke wa cibiya ba. Yanzu kuwa wata rana ni 'yarta ce, wata rana ƙanwarta ce da ta rasu tun ba a haife ni ba, wata rana kuma wata mata ce kawai mai shisshigi.

Na farko. Ma'aikatanka sun fi yarda da maganar Inna a kan tawa. Ranar da muka zo na yi bayanin mantuwar nan dalla-dalla, aka ce an ji. Amma duk wanda ya karɓi aiki sai ya tsaya a kanta da biro ya ce, "Mama, kin sha magani?" Inna kuwa mace ce mai kara, ba ta son ta sa mutum wahala, sai ta ce ta sha, har da godiya. Da za a tambaye ta ko jiya ta je Makka a ƙafa, haka za ta amsa. Kwana biyu a jere aka tsallake mata maganin safe bisa shaidarta, alhali a ranar ta gaya wa likita shekararta ashirin da biyar, maigidanta kuma ya tafi cin kasuwa Karaye. Babanmu ya fi shekara goma a ƙasa. Wannan maganar likita bai rubuta ta ba, amma "na sha" ya rubuta.

Ranar wata Talata kuma sabuwar nas ta nuna ni ta tambaye ta ko wace ce wannan. Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wallahi ban san ta ba, tun safe take bina." Aka kira mai gadi. Na ce a dubi fuskokinmu, wannan hancin namu ba a sayar da shi a kasuwa. Aka ce doka ce. Daga hantsi har la'asar ina gindin darbejiya, ita kuma tana ciki ba ta sa komai a baki ba, don duk abincin da aka ajiye mata ɗauka take na baƙi ne, sai ta ga na fara kai loma sannan take ci.

Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai. Ranar Juma'ar da ta wuce na fita wanke mata zannuwa a famfo. Inna ta jiyo kukan naƙuda daga ɗakin haihuwa. Ƙafar nan da ba ta kai ta banɗaki sai an riƙe ta, ita ta kai ta can. Ta tarar da mai haihuwar fari ita kaɗai, ta zauna tana shafa mata baya tana cewa kada ta yi nishi tukuna, lokaci bai yi ba. Sunana ta manta, wannan ba ta manta ba.

Ban ce a bar mai gyambo a ɗakin haihuwa ba, ni ma na san haɗari ne. Amma da aka zo, janyo ta aka yi kamar akuyar da ta shiga gonar wake, aka mayar da ita gado, aka ɗaure hannayenta biyu a jikin ƙarfe da bandeji. Bandejin nan da kullum ake ce mana ya ƙare. Na dawo da bokiti na tarar da ita shiru, ba ihu ba kokawa. Ta ɗago kai ta ce mini, "Baiwar Allah, me na sata?" Ranka ya daɗe, ni mai baki ce, duk Yammedi an sani, amma ranar wani aiki bakin ya yi. Da haƙori na kwance ƙullin.

Kafin la'asar labari ya zaga baranda cewa tsohuwar gado na shida mayya ce, kurwar jariri ta je kamawa, ai ga shi har ma'aikata sun ɗaure ta. Mai jinyar da ke kusa da mu ta janye tabarmarta, Inna na yin tari sai ta hau tofa wa marar lafiyarta addu'a. Cikin masu farin kaya ba wanda ya fito ya ce, jama'a, ciwo ne. Surukar mai jegon ce kaɗai ta zo washegari da kunun kanwa, ta durƙusa ta yi godiya. Inna ta karɓa, ta tambaye ta ko an binne mabiyiya da kyau.

Na uku, katin mai jinya. Guda ɗaya ne, sunana ne a kai. Sau biyu ƙanwata Rabi tana zuwa daga Zoza don ta karɓe ni, ana ce mata mai canja suna ya tafi taro. Ina roƙon Allah ya sa a gama wannan taro lafiya. Saboda katin nan rabona da gida tun ranar da muka zo. Maigidana Malam Sule, bawan Allah, ga cirar gyaɗa ga murhu. Tuwon da ya tuƙa ranar farko, yara sun ce kaji ma sai da suka yi shawara. Yanzu ya ƙware a abu ɗaya, wake da shinkafa, safe da rana da dare, har babban ɗanmu ya aiko a tambaye ni ko azumin nafila na halatta kullum. Yayanmu da ke Legas jinyar waya yake yi. Kullum sai ya kira ya ce a ba Inna, ta saurare shi tsaf, ta miƙo mini ta ce mai rediyon nan ya cika surutu. 'Yan dubiya kuwa kowa da nasa binciken: wannan ta ce iska ce, waccan ta ce sammu ne, wani ya zo da turare a ƙunshi. Ban ga laifinsu ba, tunda asibiti ma abin da ya ce mana ke nan, "tsufa ne," ya wuce gado na gaba.

Duk wannan ina dariyarsa. Wanda ban yi wa dariya ba shi ne ranar Lahadi, da Malam ya kawo mini autata Ummi, 'yar shekara uku. Na miƙa hannu, ta ɓuya a bayan rigarsa tana leƙena. Na zama macen da uwarta ba ta gane ta, 'yarta kuma ta fara noƙe mata.

Don kada a ce ban ga alheri ba: akwai Gwaggo Asabe mai shara. Ita ce ta gane in aka kira Inna da "Ungozoma" take amsawa, ita ce kuma take kawo mata wankakkun tsummoki ta ce a linke, za a yi haihuwa. Inna ta wuni tana linki, ba yawo ba rigima. Mai tsintsiya ta gano abin da masu biro suka kasa. In da girma ake bayarwa bisa aiki, da ita ce ta tafi taron nan.

Abin da nake roƙo ba gini ba ne, ba na'ura ba. A rubuta a katin marar lafiya cewa yana da mantuwa, a inda kowa zai gani, a riƙa tambayar mai jinya. A bar mutum biyu su riƙa karɓeɓeniya da kati ɗaya. A hana ɗaure tsofaffi sai in rai ne ke cikin haɗari, in ma ta kama a kira danginsu tukuna. Sannan wani mai farin kaya ya zauna da mu ko na minti goma, da Hausa, ya gaya mana mene ne wannan ciwo da yadda ake zama da shi a gida, ya kuma faɗa da ƙarfi a baranda cewa ba maita ba ne.

Gyambon Inna ya fara haɗewa, mun gode, an ce ranar Alhamis za a sallame mu. Da na ja bakina na yi shiru. Amma jiya aka kwantar da wata tsohuwa daga rugagen wajen Rogo. Hausar da ta yi shekaru tana sayar da nono da ita ta ɓace mata, sai Fulatanci, tana ta kiran sunayen shanunta tana neman hanyar fita. Matar ɗanta da ta kawo ta ba ta da baki irin nawa, in aka daka mata tsawa sunkuyar da kai take yi. Mu za mu tafi, su za mu bar muku.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare maka zuri'a, ya ba ka tsawon rai. Na san abin da nake roƙa maka, ranka ya daɗe: tsawon rai ne ya kawo Inna hannunku. Ka gyara ɗakin tun kana gane hanyarsa.

Wassalam.

Hajara, 'yar Inna Kande,
daga barandar ɗakin mata.