Ka Je Ka Roƙi Alhaji Nasidi

Zuwa gare ka, Na-Ruwa, farin wata sha kallo, ruwan randa a tsakar bazara, gawo mai ganye ranar da kowace bishiya ta tuɓe, zumar da na lasa sau ɗaya ta ɓata mini ɗanɗanon sukari har abada! Laftanan sojan ruwa, mai fararen kaya, sarkin masu cewa "yanzu zan dawo"!

Gaisuwa daga Abbasiya cikin birnin Alƙahira, hawa na biyar, gidan jikarka Tasnim da mijinta Mahir, masu karatun addini. An kawo ni an cire mini yanar ido, yanzu har ramin allura ina gani, shi ya sa na yagi takarda a littafin Tasnim don in wanke ka tas. Rubutun na yaƙi da jahilci ne, ka karanta a haka. Wanda ya yi shekara hamsin da takwas bai aiko ko gaisuwa ba, ba shi da bakin kushe rubutun wani.

Kai ɗan Gumel, wanda aka haifa cikin rairayi, aka binne cibiyarsa cikin rairayi, me ka rasa gani a rairayi? Da yaƙin basasa ya ɓarke, sai ka shiga kwalekwale ka tafi gaɓar tekun Bonny duba wani rairayin! Wai aikin soja ne, dole a san ko ƙasar za ta ɗauki motoci da dakaru kafin a sauka. Ku uku kuka tafi, biyu suka dawo. Aka kawo mini akwatinka da hularka. Ba gawa, ba kabari, ga cikin 'yarka Uwani wata shida.

Ka tuna ranar da ka kai ni bakin teku a Ikko? Ina amarya, ban taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin unguwarmu ba, na ƙanƙame hannunka ina salati. Wani namijin da waƙa zai yi wa matarsa. Kai kuwa, haske na, sai ka tuɓe takalmi ka shiga koya mini yadda ake danna diddige a ƙasa, wai idan diddige ya nutse, mota ma za ta nutse. Na yi ta dannawa kamar mai kirɓa ƙasar gini, kana dariya har hularka ta faɗi. Wayyo wannan dariya! Tsawa ce da ba ta tsorata yaro, ruwan farko ne a kan busasshiyar gona. Har gobe idan na taka ƙasa mai laushi sai na danna diddige, jikoki su ce tsufa ne.

Shekara huɗu alƙali ya ce in jira, na jira, ina wanke fararen kayanka da bula duk ƙarshen wata kamar mahaukaciya. Sannan na yi takaba. Sannan aka aurar da ni ga Alhaji Nasidi mai goro a Fagge. Kada ka ɓata rai, wa ya ce ka tafi? Shekara talatin da ɗaya muka yi, mutumin nan bai taɓa ɗaga mini murya ba. Shi ya raini 'yarka, shi ya aurar da ita, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tambayata dalilin da akwatinka ke ƙarƙashin gadona ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ran Juma'a na yi wa yaran nan tuwo da miyar kuka, don sun gaji da wake da gurasar Masar, abokan karatunsu suka cika falo. Ni da neman tsokana, sai na ce tunda kun sha littattafai, ku faɗa mini, macen da ta yi aure biyu, da wa za ta zauna a Aljanna? Da ma na yi shiru! Mahir ya ajiye loma, ya gyara murya, ya ce malamai da dama sun tafi a kan na ƙarshe ne. Na janye kwanon nama daga gabansa. Ya ce ma'alish Hajiya, wai in yi haƙuri, ba shi ya faɗa ba. Tasnim ta ga fuskata, ta yi maza ta ce akwai wata ruwayar, za a ba ta zaɓi, ta ɗauki wanda ya fi kyawun hali. Suka yi ta jan larabci, ni kuwa na koma ɗaki da murnata.

Sai da na zauna na auna, murna ta koma ciki. Kyawun hali? Kai? Kai da ba ka taɓa zuwa cin abinci yana da zafi ba? Kai da ka kira tuwona na farko harsashin igwa a gaban abokanka? Kai da ka ce in ɗora ruwan wanka, kwana uku za ka yi? Idan na ƙarshe ne, Alhaji ya ci. Idan hali ne, Alhaji ya ci ya ninka. Ta kowace ƙofa aka bi ka faɗi, tauraron asubahina, kuma kai ka ja mana!

Amma ina zan kai wannan zuciya mai taurin kai kamar jakin Kano? Wata goma sha ɗaya kacal na yi da kai, sun danne shekara talatin da ɗaya kamar yadda ɗigon turare ke danne ɗaki. Wannan adalci ne? Na sani ba adalci ba ne. Na yi istigfari a kai har carbina ya gaji.

Saboda haka ga aiki, tunda kai gwanin zuwa duba wuri ne kafin a sauka. Likita ya ce idona ya gyaru, amma ni na san sauran jikin ya kusa. Malaman nan sun ce wanda ruwa ya ci shahidi ne, ina kyautata zaton kana da ƙafar yawo a can. Ka nemi Alhaji Nasidi. Ba wuyar ganewa, gajere ne, haƙoransa ja, zai riga ka yin sallama. Ka cire hular nan, ka durƙusa, ka gode masa kan Uwani. Kada ka yi masa barkwancinka na bariki. Sannan ka roƙe shi ya bar maka ni. Mutumin nan bai taɓa hana kowa komai ba, har wannan ma abin haushi ne.

Ka gama wannan kafin in iso, don Allah, sau ɗaya a rayuwarka da mutuwarka ka riga ni. Domin idan aka tsayar da ni tsakaninku aka ce in nuna, ba zan iya kallon idon bawan Allahn nan ba. Kuma kai zan nuna.

Taka tun ana ce mata amarya, taka da furfura, taka ko an ba ta zaɓi ko ba a ba ta ba,

Tabawa