Ƙanena yana fassara kukan Mama da sa albarka

Salama gare ku 'yan guruf. Adimin don Allah ka sa min wannan ba tare da sunana ba, garinmu ba shi da girma kuma abin na cikin gida ne. Don Allah ku ba ni shawara, musamman ku da kuka taɓa jinyar iyaye, don na rasa wanda zan faɗa wa a coci ko a wurin aiki ba a mayar da shi hira ba.

Ni malama ce, ina koyarwa a wata sakandare kusa da garin Gidan Waya, can nake aure da yarana. Mu biyu mamanmu ta haifa, ni da ƙanena, zan kira shi Auta don haka muke ce masa a gida. Babanmu ya rasu tun muna ƙanana. Mama ta yi koyarwa har ta yi ritaya tana hedimasta a wata firamare a Kafanchan, duk wanda ya taso a unguwarmu ya san ta, mace ce da ko shara za ta fita zubarwa sai ta gyara zani ta ɗaura ɗankwali. Bara waccan hawan jini ya kayar da ita tana dawowa daga taron Zumuntar Mata na coci, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. Da magana ta fara dawowa sai muka ga Turanci ya tafi, Hausa ma sai kalma ɗaya biyu, yarenmu na can ƙauye bayan Gwantu kaɗai ya rage a bakinta, shi ma sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane.

Auta ya yi makarantar kiwon lafiya, ya daɗe yana yawo da takardu bai samu aiki ba, yana zaune gida da Mama. Gaskiya zan faɗa, shi ya ɗauki jinyar. Shi ne wanka, shi ne canza famfas, shi ne juya ta kada bayanta ya yi gyambo, shi ne motsa mata hannu da ƙafa. Ni Asabar nake zuwa in yi wanki in dafa abin da zai kai su kwana biyu in koma, don ɗaki biyu ne gidanmu kuma uwar mijina tana tare da mu. Da ya ce min zai buɗe shafi yana koya wa mutane yadda ake kula da mai shanyewar jiki a gida, ya ce yanzu ba a jiran gwamnati, mutum ne yake gina sunansa a waya har aiki ya zo ya same shi, ni na fara ce masa Allah ya sa albarka, ni na fara tura shafin a guruf ɗin malamai.

Da farko hannun Mama kawai yake nunawa da ƙafarta. Daga baya sai fuska ta shigo. Sai bidiyon yana ba ta kunu yana zubowa ta gefen baki, sai na ɗaga ta daga gado, sai na wanka, ya ɗaura mata tawul iya ƙirji. Mabiya suka yi ta ƙaruwa, ya sayi farar riga da fitilar nan mai zagaye, aka fara kiran sa gidan rediyo, mutane daga Abuja da Jos suna kira ya ba su shawara kan iyayensu, har Dokta ake ce masa yanzu kuma ba ya gyara wa kowa. A kowane bidiyo yana sa waƙar sujada a hankali, in Mama ta motsa baki sai rubutu ya fito a ƙasa da Hausa da Turanci, wai ga abin da take faɗa. Ɗana kai ne hannuna da ƙafata. Ubangiji ya ba ka 'ya'yan da za su riƙe ka. Ni kaina na sha kuka ina kallo a ofishin malamai, na wankan bai min daɗi ba amma na ce tunda ita tana sa albarka, ni wace ce.

Ƙanwar Mama da ke sayar da citta a kasuwar Gwantu, Anti Saratu, ita ta kira ni wata ranar kasuwa. Ba ta da babbar waya, wata maƙwabciyarta ce ta nuna mata. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, ke kina jin abin da uwarki take faɗa a abin nan kuwa, ko kin manta yarenku? Na ce ai an rubuta a ƙasa. Ta ce ita ba ta iya karatu ba, kunne gare ta, in je in saurara. Na sa iyafis a kunne na ƙure murya na koma kan bidiyon wankan. A ƙarƙashin waƙar, da wannan bakin nata mai nauyi, Mama cewa take, Auta rufe ni, mutane suna ganina, rufe ni. A daidai wurin rubutun ya ce, na gode wa Allah da ya ba ni kai. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. A na kunu cewa take ya ishe ni. A wani tana cewa kashe abin nan, ɗalibaina za su gani. Ku sani Auta ya fi ni jin yaren nan, shi ya yi hutu da yawa a ƙauye wurin kaka.

Ban jira Asabar ba, washegari da aka tashi makaranta na hau mashin zuwa Kafanchan ban faɗa masa ina zuwa ba. Na same su a falo fitila a kunne, Mama a keken guragu, kofin kunu a hannunsa. Na tsaya a bakin ƙofa. Ya ba ta cokali, ta haɗiye lafiya lau bai zube ba, sai ya tsayar da waya ya ce a sake. Ya cika cokalin ya tura da sauri har ya gangaro mata a haɓa, ta ɗaga hannunta mai lafiya za ta goge, ya kama hannun ya mayar kan cinyarta ya danne, yana murmushi wa kyamara yana bayanin haƙuri da mai jinya yake buƙata. Kunun ma da na taɓa kofin ya huce tuni.

Mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Bai ma musa ba. Ya ce mutum nawa ne a duniya suke jin yarenmu, ya ce abin da ya rubuta shi ne abin da ke zuciyar Mama ko da bakinta bai faɗa ba, ya ce mai shanyewar jiki dama yana yawan mita, in ya rubuta mita wa zai kalla. Ya ce ina nake sanda yake kwashe kashinta da hannunsa, ni da nake zuwa sati sati da kular miya in ɗauki hoto in tafi. Ban taɓa ɗaukar hoto ba, amma sauran maganar ta shige ni don akwai gaskiya ciki. A cikin faɗan ne ma na gano wani abin. Na shiga ɗaki ɗauko mata riga na ga sanda mai ƙafa huɗu a bayan ƙofa, na tambaya, Mama da kanta ta ce min tana takawa, daga gado zuwa ƙofa har ta dawo, tun kafin damina. Ni ban sani ba, kowa bai sani ba. Ya hana ta yi a tsakar gida ko gaban baƙi kada wani ya ɗauka a waya ya riga shi sawa. Ya ce min, "Anti, labari tsari gare shi, ba a fara shi daga ƙarshe." Yana shirin buɗe wurin koyar da masu jinya a watan Disamba, ya kama hol, za a turo Mama a keke gaban jama'a, sai ta miƙe ta tako zuwa wurinsa. Takun nata na ranar yake ajiyewa.

Na kai magana wurin ƙanen babanmu da faston cocin su Mama, aka zauna a falon Mama bayan sujada. Fasto ba ya jin yarenmu, kuma dama ya taɓa kiran Auta gaban ikilisiya ya ce matasa su yi koyi da shi. Baba ƙarami yana ji, na kunna masa ya saurara, sannan ya juya ya tambayi Mama da yare ko yaron nan yana cutar ta. Mama ta daɗe tana kallon Auta, shi kuma yana kallon ƙasa. Ta ce, "Ku bar shi. Yanzu ne ya zama mutum." Shi ke nan magana ta mutu. Baba ƙarami ya ce ni mace ce mai gidan miji, in bar namiji ya riƙe gidan ubansa, fasto ya yi addu'a kan ruhun rarrabuwa a iyali, kowa ya san da wa ake. Da suka tafi ina canza mata zani sai ta riƙe min hannu ta ce kada in kashe masa kasuwa, ya sha wahalar zaman banza, amma in roƙe shi a hankali ya cire na wankan kawai. Na roƙe shi. Ya ce shi ne wanda aka fi kallo, kuma shi ya manna a saman shafin.

Bayan zaman da kwana kaɗan ya yi bidiyo shi kaɗai cikin farar riga, idonsa da hawaye, kan 'yan uwan da ba sa taɓa fo amma su ne kan gaba wajen kai mai jinya ƙara. Bai kira suna ba, amma duk Kafanchan an san 'ya mace ɗaya Mama ta haifa. Ku zo ku ga komen. An ce min mayya, an ce gidan nake jira Mama ta mutu in sayar, wata ta rubuta cewa irinmu ne muke tura iyaye kabari da baƙin ciki, kuma matar nan Mama ce ta koya mata karatu. A makaranta wata uwa ta zo ɗaukar sakamakon ɗanta ta ƙi amsa gaisuwata. 'Yata babba ta dawo tana tambaya ko gaskiya ne na ƙi kaka. Auta bai goge ko ɗaya ba, wasu ma ya sa musu alamar zuciya. Mijina ya ce in cire hannu tunda mai abin ta ce a bari.

Lahadin da ya wuce na je da wuri, Auta ya fita sayen magani. Na yi mata wanka ƙofa a rufe, na yi mata kitso, na shafa mata hoda, na ɗaura mata zanin Zumunta da ɗankwalinsa yadda take ɗaurawa da, na kawo madubi. Ta daɗe tana kallon kanta, ta gyara gefen ɗankwalin da hannun hagu, ta yi dariya da rabin bakinta ta ce in kira maƙwabciyarta ta gan ta. Kafin in fita Auta ya shigo da waya a hannu, ya ce yau ranar ɗauka ce. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce ta yi kyau da yawa, ba wanda zai yarda ba ta da lafiya. Ya ɗauko tsohuwar suwaita ya jiƙa tawul ya goge hodar, ya kai hannu kan ɗankwalin ya kasa kwance ƙullin. Ina tsaye ina kallo, Mama ta ɗaga hannunta mai lafiya ta kwance masa da kanta.

Yanzu ga inda nake. Zan iya shiga ƙarƙashin bidiyoyin nan in rubuta ainihin abin da Mama take faɗa, Anti Saratu ta ce ita za ta tsaya shaida, mutanen ƙauyenmu ma za su gane da sun saurara. In na yi, sunan da Auta ya gina ya rushe, aikin da bai taɓa samun kamarsa ba ya tafi, kuma Mama ba za ta yafe min ba, ita ta ce kada in yi. Zan iya ɗaukar mota ranar da ya tafi rediyo in kwaso ta zuwa Gidan Waya, amma ban iya rabin abin da yake mata ba, ina makaranta har rana ta yi, kuma tsoro nake ta lalace a hannuna a ce ga shi nan. Ko in yi shiru kamar yadda kowa yake so, in ɗinka ashobi, wato ankon taron, in je hol a Disamba in tafa tare da jama'a, alhali kowane wata da ake hana ta takawa a fili ban san me yake rage wa ƙafar nan ba.

Shi ƙanena ne, ni na goya shi, kuma shi yake kwana da ita. Amma uwar da ta ce a bar shi ita ce dai take cewa rufe ni, kuma ni ina ji. Wanne daga cikin maganganunta biyu zan bi? Don Allah wanda zai zage ni ya yi haƙuri, an riga an yi min isasshe, ku faɗa min abin da za ku yi in taku uwar ce.