Bido Dubu Biyu a Tsakar Gidan Rabi

Daren Laraba, unguwar Dar es Salam

Yau na kai wa ƙanwata Rabi ɗinkinta a sabon gidansu na unguwar Goudel. Ashe mijinta pisin ya gina musu, wurin iyo, ruwa shuɗi shar a tsakar gida.

Tana ta zuba labari, ni kuwa idona na tela yana awo. Tsawonsa zai yi metir takwas, faɗinsa huɗu. Mai gadi ya shiga tsamo ganye, ruwan ya kawo masa wuya, na ce metir ɗaya da rabi ke nan. Cikin tasi a hanyar dawowa na buga a salula: kusan bido dubu biyu, jarkar nan mai lita ashirin da biyar! Mu da kurar ɗan garuwa ɗaya mai bido goma ke kai mu kwana biyu, wannan ruwanmu ne na shekara har da ɗoriya.

Tun a can gidan na ce mata, "Allah ya sanya albarka," amma wallahi iyakarsa baki.

Da na tambayi wa ke shiga, sai ta yi dariya. "Haba Yaya, wa ya iya iyo a gidan nan? Kallonsa dai muke."

Na dawo na murɗa pamponmu, iska ya hura mini. Da ruwan wankin shinkafa na ɗauraye kwanoni.