Mai Labule

Litinin, 6 ga wata

An kawo sabuwar nas ɗakin da aka kwantar da Mama. Doguwa, fuskar nan a murtuke. Ko sannu ba ta ce mini ba, ta ja labulen gado ƙiii, ta rusuna tana gaida Mama. Mamar da tun ranar da ɓarin jikinta ya shanye ba ta furta kalma ɗaya ba. "Mama, zan juya ki hagu, kin yarda?" Kuma ta tsaya wai tana jiran amsa! Na ce baiwar Allah, ba ta magana, ni ce bakinta. Ta ce ta ji, amma Mama ta tambaya. Na raɗa mata suna Mai Labule.

Talata, 7 ga wata

Yau ma Mama ta datse haƙora. Ko madara ta ƙi karɓa.

Laraba, 8 ga wata

Likita ya ce in har Asabar ba ta fara ci ba, robar abinci za a zura mata ta hanci. Na ga yadda aka yi wa tsohuwar gadon ƙarshe, har ɗaure mata hannu aka yi don kar ta fizge. Ba za a yi wa uwata haka ba.

Ina cikin wannan baƙin cikin, Mama ta ɓata shimfiɗa. Ina gyara ta, waya maƙale a kafaɗa, ina zayyana wa Yaya abin da nake fama da shi, tunda shi daga nesa umarni kawai ya iya. Sai ga Mai Labule kamar an jefo ta. Ta ja labule, ta rufa wa Mama zane, ta ɗauko ɗankwalinta da na cusa ƙarƙashin filo ta ɗaura mata. Sannan ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Akwai 'yan dubiya a gadon kusa. Kuma kunnen Mama lafiya lau."

Ni za a koya wa sutura? Ni da na rufe shagon ɗinkina na tare a kan kujerar roba, bayana kamar zai ɓalle? Ita tana tashi daga aiki ta tafi gida ta miƙe ƙafa.

Alhamis, 9 ga wata

Matar nan ta gama da ni yau. A gabana ta kama hannun Mama mai lafiyar, ta ce in ta yarda ta matse, in ba ta yarda ba ta bari. "Mama, ni zan riƙa yi miki wanka da gyara?" Na ga yatsun sun matse. "'Yarki fa?" Hannun bai motsa ba. Mama ta runtse ido.

Na fita wajen famfo na yi kuka na ƙoshi, daga nan na wuce ofishin babbarsu na kai ƙara, na ce ana raba ni da uwata. Ita ma bakinsu ɗaya, wai mai jiki ita ke da zaɓi muddin hankalinta yana nan. Duk jirginsu ɗaya, masu farin kayan nan.

Wai hankalinta yana nan. To duk abin da na faɗa a waya ke nan...

Juma'a, 10 ga wata

Yanzu aikina zaman gadi a bayan labule. Ina jin Mai Labule tana ɗaga kan gadon, tana cewa, "A hankali, Mama, sunkuyar da haɓa, haɗiye. In ƙara?" Sai ƙarar cokali a kofi. Ta ci! A hannun bare ta ci, ni da na yi ta roƙonta har da hawaye ta hana ni. Na ji daɗi, na kuma ji kamar in shaƙe wani.

Na tuna tun tasowata ban taɓa ganin Mama ta fito daga ɗaki kai ba ɗankwali ba. Ni kuwa tun da muka zo na cire shi, don yana ba ni wahala wajen gyara filo.

Asabar, 11 ga wata

Likita ya ce a dakata da robar, amma in ta sake ƙin ci, ba makawa. Kuma yau Mai Labule hutu take, sauran nas-nas ɗin kowa da nata gadon. Abincin rana ya zo, ba kowa sai ni.

Na ja labulen, saboda iskar fanka ta yi yawa ne kawai. Na ɗaga kan gadon. Na ɗaura mata ɗankwali, ya karkace, ta sa hannunta mai lafiyar ta daidaita abinta tana hararata. Na kama hannun, na ce, "Mama, ni ce. In ba ki?"

Jiran nan akwai wuya. Har abincin ya fara hucewa, har na fara tunanin robar. Sannan ta matse.

Har yanzu matar can ba ta kwanta mini ba, kuma gobe in ta zo ba zan gaya mata komai ba. Rabin kofi Mama ta sha. Kafin kowane cokali sai da na tambaya.